Ilmin Rabon Ruwa a Kadawa

Wanda ya tashi daga Kano da rani ya bi hanyar Zariya, da ya kusa Kura zai ga ƙasa ta sake kama. Ko'ina a ƙasar Hausa watan Fabrairu lokacin ƙura ne da busasshen kara, amma a nan sai ya ga kore shar iyakar ganinsa, ga alkama, ga tumatir, ga albasa da masara, ruwa kuwa yana ta gudu cikin hanyoyin da aka gina masa, ba jigo ba guga. Wannan shi ne aikin ban ruwa na Kogin Kano, wanda ya mamaye ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Mutane sun fi saninsa da sunan Kadawa, gama a nan ne aka fara gwada shi.

An sha yabon wannan aiki, ya kuwa cancanci yabo. Amma akasarin masu yabon, ginin su ke yabo, watau tsawon madatsa da yawan ruwan da ta tare. Aiki irin wannan kuwa ƙafa biyu gare shi, gini da ilmi. Gini a kan yi shi sau ɗaya a gama. Ilmin tafiyad da shi kuwa sai an yi ta koyarwa, domin waɗanda suka sani suna tsufa, waɗansu suna tasowa. Abin da ya kamata a ɗora bisa ma'auni shi ne irin koyarwar da aka yi wa ma'aikata da manoman Kadawa cikin shekara 50 ɗin nan, a ga abin da aka koya musu da abin da aka bari.

A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin. An fara da ƙaramar madatsa a Bagauda don ta shayar da gonar gwaji ta Kadawa, sa'an nan aka tare Kogin Kano a Tiga, aka gama cikin 1974. Masanan wani kamfanin ƙasar Holan mai suna NEDECO su suka yi awo, suka zana fasalin gonakin. An ƙaddara Tiga za ta riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 1,900. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ke nan, watau cikin duro 5, sai mai karatu ya kwatanta da kansa. Kashi na farko na gonakin an shirya shi bisa hekta 22,000, ko wace hekta kuwa ta kusa eka biyu da rabi. Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, aikin ya koma hannun Hukumar Haɗejiya da Jama'are.

Ba a sa inji ya ɗago ruwan ba. Tiga tana tudu, gonakin suna gangare, sabo da haka ruwan da kansa ya ke tafiya. Yana fita daga madatsa ya bi babbar hanya, ya ratsa tafkin Ruwan Kanya, ya rabu biyu, reshen gabas da reshen yamma. Daga rassan ya shiga matsakaitan hanyoyi, daga nan ya shiga ƙananan da ke bin gefen gonaki, inda manomi zai sa lanƙwasasshen tiyo ya zuƙo shi zuwa cikin kunya. Tun da ya ke babbar hanya ba ta daina gudu dare da rana, manomi kuwa da rana ya ke ban ruwa, sai aka haƙa tafkuna na tara ruwan dare, a sake shi da safe. A ko wace mararraba akwai ƙofar ƙarfe, ko wace ƙofa kuwa sai da mutumin da zai buɗe ta, ya san iyakar buɗewa, ya san lokacin rufewa.

To, a nan maganar ta ke. Injiniyan da ya zana wannan fasali ya ɗauka a bakin ko wace ƙofa za a sami mutum mai sani da amana, a gefen ko wace ƙaramar hanya kuma za a sami manoma waɗanda suka yarda su sha bi da bi. In babu waɗannan biyu, fasalin ya tsaya a takarda.

Wajen koyar da noman kansa, lalle an yi ƙoƙari. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana da tashar gwaji a Kadawa, inda aka yi shekaru ana gwada iri da taki da lokacin shuka. Malaman gona suka shiga ƙauyuka. Mutanen da iyayensu ba su san komai ba sai noman damina da ɗan lambu a bakin fadama suka koyi noma sau biyu a shekara. Wanda ya ga yadda yaron Kadawa ke nutsa tiyo cikin ruwa, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya ja shi bisa gaɓa ruwa ya kama zuba, ba zai ƙara cewa talaka ba ya koyo ba.

Amma koyarwar ta zamanin farko gefe ɗaya gare ta: malami ya faɗa, manomi ya ji. Alkama ita ce misalin da ya fi fitowa fili. Gwamnati tana son alkama, domin burodi ya shiga gari, fulawarsa kuwa daga waje a ke sayo alkamarta. Alkama tana son sanyi, dole a shuka ta cikin Nuwamba don ta yi ido kafin zafin Maris ya sauko. Cikin Nuwamba kuwa dawa tana tsaye a gona, ba ta isa yanka ba. Dawa ita ce tuwon gida, karanta shi ne danga da makamashi, harawar waken da a ke shukawa a tsakaninta ita ce abincin bisashe. Wanda ya ce wa magidanci ya bar dawa don ya sami shuka alkama kan kari, rumbunsa ya ce ya jinginar, ko da shi mai faɗin bai gane ba. Wata masaniya mai suna Tina Wallace, wadda ta yi bincike a wannan yanki a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda ƙananan manoma, da ba su da kuɗin tantan da taki da ƙwadago, suka riƙa ba masu hali hayar gonakinsu da rani. Da an tambayi tsofaffin gari tun da fari, da sun faɗi wannan ba tare da an ɓata tawada ba.

Manoman kuwa suka zaɓa wa kansu. Da damina suka koma shinkafa, da rani suka fi karkata ga tumatir da albasa da masara. Kura ta zama garin casar shinkafa, kasuwar Kwanar Gafan ta zama inda manyan motoci ke lodin tumatir zuwa Ikko da sauran garuruwan kudu. Ba wanda zai ga laifinsu, aljihunsu suka duba. Sai dai shinkafa mashayiya ce, a cikin ruwa ta ke son ta tsaya, hanyoyin kuwa ba don ita aka auna su ba. Sa'ad da amfanin gona ya sake, lissafin rabon ruwa ma ya kamata ya sake, a kuma sake koya wa masu ƙofa da manoma sabon lissafin. Wannan ne bai sami ƙarfin da ya kamata ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa noma a wurin. Na bakin ruwa ya sha ya ƙoshi, ya ƙara, domin yana zaton ruwa kamar taki ne, yawansa riba. Bai sani ba, ko kuwa ba a gaya masa yadda zai gane ba, cewa ruwan da ya wuce kima yana wanke takin da ya saya da tsada, yana taso da ruwan ƙarƙashin ƙasa har saiwa ta rasa iska, daga baya kanwa ta fito fari fat bisa kunya. Na ƙarshen hanya kuwa yana zaune yana kallon tumatirinsa yana yaushi. In haƙurinsa ya ƙare sai ya fita da dare ya datse hanya da buhun yashi, ko ya ɓalle kwaɗon ƙofa, ko ya ci bashi ya sayi injin famfo ya riƙa jan ruwan magudanar da aka yi don zubar da saura. Ga mutum biyu, garinsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, ɗaya ruwa ya cuce shi don yawa, ɗaya don rashi. Ba ginin Tiga ya gaza ba, ba kuma ruwan ne ya yi kaɗan a madatsa ba.

Akwai wani darasi kuma da aka koyar ba da niyya ba, shi ne ya fi ko wanne kama zuciya. A shekarun da kuɗin man fetur ke da yawa, hukuma ita ke yin kusan komai: ta kawo tantan, ta kawo iri da taki, ta yashe hanyoyi, ta gyara ƙofofi. Kuɗin ruwan da a ke karɓa bai taka kara ya karya ba. Da haka manomi ya koyi cewa hanyar ruwa ta gwamnati ce, abin gwamnati kuwa ba na kowa ba ne. Sa'an nan aka shiga matsin tattalin arziki, daga 1986 aka soma janye tallafi, aka kuma rage wa hukumomin koguna aiki, aka ce su tsaya ga ruwa su bar noma. Hukuma ta ja baya, manomi bai matso ba, domin ba a taɓa shirya shi ga matsowa ba. Laka ta cika hanyoyi, ciyawa ta rufe tafkunan dare. Cikin watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarna, ta tuna wa mutane cewa ginin ƙasa da dutse ma kiwo ya ke so.

Ba makarantun ruwa aka rasa a ƙasar nan ba. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a hanyar Mando cikin Kaduna, wadda aka kafa cikin 1979 musamman don horad da ma'aikatan ruwa. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero suna yaye injiniyoyi ko wace shekara. Daga cikinsu an sami gwanaye, waɗanda suka san awon kogi da ƙarfin madatsa kamar yunwar cikinsu. Amma wannan ilmi da Turanci a ke ba da shi, ga mai takardar sakandare, wanda ya same shi kuwa ofis ya ke nufa. Tsakanin injiniyan da ke Kano da manomin da ke riƙe da tiyo akwai mai gadin ƙofa, da malamin sashe, da sakataren ƙungiya. Su ne ruwan ke bi ta hannunsu ko wace safiya, su ne kuma rabonsu na horo ya fi na kowa ƙanƙanta. An gina jinka mai kyau, an manta da ginshiƙi.

Har wa yau akwai abin da ya fi wannan girma, wanda ko injiniyoyin zamanin farko ba su ba shi muhimmanci ba. An koya wa mutane hanyar ruwa, ba a koya musu kogi ba. Ruwan da Tiga ta tare ba na Kadawa kaɗai ba ne. Daga gare shi birnin Kano ke sha, ta matatar Tamburawa. Kogin Kano yana haɗuwa da Kogin Calawa, wanda shi ma aka tare shi cikin 1992, su zama Kogin Haɗejiya. Shi kuwa ya bi ta Wudil da Ringim da Haɗejiya, ya bazu cikin dausayin da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru, ya gamu da ruwan Jama'are, ya wuce Gashuwa da Gaidam da sunan Kogin Yobe, ya bi iyakar Nijar ta wajen Diffa, ya nufi Tafkin Cadi. Duk tsawon wannan tafiya akwai masunta, da manoman shinkafar ambaliya, da masu shuka wake a bayan janyewar ruwa, da Fulani masu kai shanu kiwon rani.

Dā can kogin nan yana cika da damina ya malale dausayi, da rani ya ƙafe. Da aka yi madatsai sai ambaliyar damina ta ragu, da rani kuwa ruwa kaɗan ya riƙa gudu ba yankewa. Wannan hali shi ne abin da kacalla ke so. Ta yaɗu ta toshe tsofaffin hanyoyin kogi, ruwa ya karkata ya bi Marma zuwa wajen Nguru, ya ci gonaki da hanyoyi a can, waɗansu garuruwan kuma da ke bakin tsohuwar hanya suka zauna a bushe. Kacallar ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, shi da abokan aikinsa, suka yi lissafi suka nuna cewa in aka auna da yawan ruwan da aka sha, amfanin da dausayin ke bayarwa na hatsi da kifi da itace ya fi na gonakin Kadawa. Ana iya yin gardama da waɗansu ƙididdigarsu, amma ba a iya kau da kai daga tambayar da suka ta da. Ma'aikacin da ke murɗa ƙofa a Tiga yana taɓa tukunyar wata mata a Gashuwa, ko ya sani ko bai sani ba.

Wannan fahimta ce masana suka sa wa suna haɗaɗɗen tsarin kula da ruwa. A taron da aka yi a birnin Dublin cikin 1992 aka amince cewa ruwa abu ne mai iyaka kuma mai daraja, cewa masu amfani da shi su ya kamata su sa baki a rabonsa tun daga ƙasa, cewa kuma mata suna da babban matsayi a cikin sha'aninsa. A nan gida, cikin 2006 aka yi taro a Damaturu, jihohin Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato suka yarda da shiri ɗaya na kula da kogin, aka kafa asusu dominsa. Duk wannan daidai ne. Abin da ya rage shi ne maganar ta sauko. Yawancin horon da a ke yi da wannan suna taron kwana biyu ne ko uku a zauren otal, da Turanci, da allon majigi, a raba jaka da kuɗin mota a watse. Wanda ya halarta ya koyi sababbin kalmomi, amma in aka ce ya bayyana su ga manoma 30 a gindin bishiya sai harshe ya sarƙe. Ilmin da ba a iya faɗinsa da Hausa ba, da wuya ya isa bakin kunya.

An yi yunƙurin gyara har sau biyu, ya kuwa kamata a ba ko wanne haƙƙinsa. A farkon shekarun 1990 wata cibiyar duniya ta binciken sarrafa ban ruwa ta haɗa kai da Hukumar Haɗejiya da Jama'are, aka gwada kafa ƙungiyoyin masu shan ruwa a waɗansu sassa, manoma suka fito suka yashe hanyoyi da hannunsu. Abin ya nuna alamar kyau, sai dai bai game ko'ina ba. Na biyu shi ne shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi cikin 2014 da rancen dala miliyan 495, don Kadawa da kwarin Haɗejiya da Bakolori da waɗansu wurare. A ƙarƙashinsa aka gyara hanyoyi da ƙofofi, aka tsara ƙungiyoyi tun daga ƙaramar hanya har zuwa uwar ƙungiya, aka shirya su karɓi kuɗin ruwa, su riƙe kula da ƙananan hanyoyi. Wannan shiri ya fi na dā gane inda gizo ke saƙa, domin ya ɗauki manomi a matsayin mai abu, ba almajiri ba.

Amma ƙungiya ba ta tsayawa da takardar rajista. Tana bukatar mutum wanda zai iya rubuta sunan ko wane manomi da faɗin gonarsa, ya ba da rasit, ya karanta lambar da ke jikin sandar awon ruwa ya rubuta ta safe da yamma, ya tsara ranakun sha ya manna a inda kowa zai gani, ya tashi gaban taro ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita har kwabo. Tana bukatar shugaba wanda zai iya cin tarar ɗan'uwansa in ya fasa hanya, ko da ɗan'uwan mai kuɗi ne, ko da gonarsa ta fi ta kowa. Na farkon ana koyonsa cikin 'yan watanni, duk wanda ya iya karatu da rubutu da lissafi huɗu ya isa ya ɗauka. An ga misalinsa a ƙasar Maraɗi da Damagaram cikin shekarun 1960 da 1970, inda aka koya wa manoman ƙauye riƙon sikeli da littafin kasuwar gyaɗa ta ƙungiyarsu, suka kuwa riƙe. Na biyun ya fi wuya, ba a kuma koyonsa a zauren otal. Sai ƙungiya ta sami goyon bayan dagaci da hakimi da alƙali, mai laifi ya tabbata babu inda zai kai ƙara a share masa.

A nan ne tsohon ilmin ƙasa zai yi amfani, da masu koyarwa za su sunkuya su ɗauka. Hausawa ba baƙin rabon ruwa ba ne. Tun kafin zuwan Turawa masu lambu suna raba rijiya da bakin rafi, akwai Sarkin Ruwa, akwai Sarkin Noma, akwai aikin gayya, akwai burtali da mashaya da kowa ya san haddinsu. Fasalin Kadawa bai yi wa makiyayi tanadin kirki ba, alhali kuwa korayen gonaki a tsakiyar rani kira ne ga duk saniyar da ke yankin. Shanu su sauka shan ruwa su rusa gaɓar hanya, a yi faɗa, a je gaban hukuma, a ɓata kuɗin da ya isa gina mashaya. Haka kuma mata. Su ke tsinkar tumatir, su ke shanya shi, su ke turara shinkafa a Kura, 'ya'yansu ke wanka da wanki a cikin hanyoyin ruwa, inda ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya ke liƙe jikin ciyawa. Yaron da ke fitsarin jini sha'anin ruwa ne, kamar yadda ƙofar da ta karye sha'anin ruwa ce, amma da wuya a ga an haɗa malamin asibiti da malamin ban ruwa a aji ɗaya.

Akwai darasi ɗaya mai araha wanda ya kamata a sa shi gaba da ko wane. Daga Kura zuwa Nguru tafiyar yini ɗaya ce a mota. A ɗauki shugabannin ƙungiyoyin Kadawa da masu gadin ƙofofi a kai su can, su shiga kwalekwale su ga kacalla ta fi tsayin mutum a inda dā a ke noman shinkafa, su zauna da masunta su ji yadda kamu ya ke dā da yadda ya koma.  Su ma mutanen Nguru da Gashuwa a kawo su Kadawa cikin watan Maris, su kwana a gonar da ke ƙarshen hanya, su ga mai ita da tocila a hannu yana jiran ruwa da tsakar dare, gama da yawansu sun ɗauka duk wanda ke kusa da Tiga a ƙoshe ya ke.